Daga Fadar Sarki Zuwa Gidan Kallon Ƙwallo: Abin Da Ya Hana Kiɗan Su Bach Da Beethoven Mutuwa

Ranar Laraba da daddare, a wani gidan kallon ƙwallo da ke unguwarmu, janareto na ruri a bayan langa-langa, benci ya cika har wasu sun tsaya a bakin ƙofa. 'Yan wasa sun jeru a fili, kyamara tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai kiɗan nan ya taso, goge yana hawa a hankali kamar mai taka matakala, yana hawa, yana hawa, har muryoyi suka ɓarke gaba ɗaya. Wani yaro da ke gefena, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, ya dafe ƙirji yana bin sautin da baki, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Da za ka tambaye shi, zai ce maka taken Gasar Zakarun Turai ne, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai tushen wannan take ya girmi kakan kakansa nesa ba kusa ba.

A shekarar 1727 aka naɗa Sarki George na Biyu sarautar Birtaniya a majami'ar Westminster da ke Landan. Wanda aka ɗora wa tsara kiɗan bikin shi ne George Frideric Handel, Bajamushen da aka haifa a garin Halle a 1685 ya koma Ingila da zama. Cikin abin da ya rubuta akwai wata waƙa da ke ba da labarin yadda aka shafa wa Annabi Sulaiman mai aka naɗa shi sarki. Daga ranar har yau ba a sake naɗa wani sarki ko sarauniya a Birtaniya ba tare da an rera ta ba, har naɗin Sarki Charles na watan Mayun 2023. A 1992 hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai ta nemi wani Bature mai suna Tony Britten ya yi mata take, shi kuma ya ɗauko ginin Handel ya sake masa fasali, ya sa masa baitoci da Turanci da Faransanci da Jamusanci. Abin da yaron nan yake rerawa ke nan.

Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya riƙe wayar Nokia ya san ƙarar kiranta, kuma wannan ƙarar yanki ne na wani kiɗan jita da Francisco Tárrega ɗan Sifaniya ya rubuta a 1902. Taken ƙasar Jamus da muke ji kafin wasanninsu a gasar cin kofin duniya, Joseph Haydn ne ya tsara karinsa a 1797 don sarkin Ostiriya. Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a kai ita ce: me ya sa kiɗan waɗannan mutane bai bi su kabari ba? Makaɗa dubbai sun yi zamani tare da su, wasu ma sun fi su suna a lokacin, yau ko a garuruwansu ba a tuna su.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce baiwa. Ban musa ba, baiwar tana nan, kuma babba ce. Amma a ganina baiwa kaɗai ba ta kai kiɗa shekara ɗari uku. Akwai takarda, akwai kuɗi da iko, akwai kuma mutanen da suka sunkuya suka tono abin da ƙura ta rufe.

Kafin mu shiga, kalmar da Turawa ke kiran wannan kiɗa da ita, wato kilasik, tana da ma'ana biyu. A wurin masana, zamani ne takamaimai, daga wajen 1750 zuwa wajen 1820, zamanin Haydn da Mozart da farkon Beethoven. A bakin jama'a kuwa ta haɗa duk rubutaccen kiɗan Turai na coci da fada da zauren kiɗa, tun daga su Bach har zuwa ƙarni na 20. Da wannan ma'anar ta biyu nake magana.

Mu fara da takarda, don ita ce uwar tafiyar. Wajen shekara dubu da ta wuce, wani malamin coci a Italiya mai suna Guido na garin Arezzo ya gaji da yadda yara ke shafe shekaru suna haddace waƙoƙin ibada daga bakin malami. Sai ya daidaita wata hanya ta ja layuka a kwance, a riƙa ɗiga alama a kan layi ko tsakanin layi biyu, kowane gurbi yana nuna inda murya za ta hau ko ta sauka. Daga baya aka ƙara alamomin da ke nuna tsawon kowane sauti, layukan suka zama biyar. A 1501 wani mai ɗab'i a Venice, Ottaviano Petrucci, ya buga littafin kiɗa mai muryoyi da yawa da injin ɗab'i. Daga nan kiɗa ya zama abin da za a naɗe a sa a jaka, a kai wani gari, wanda bai taɓa ganin mai shi ba ya buɗe ya kaɗa.

Mu da muka taso cikin waƙar baka mun san ɗaya ɓarin. Makaɗin fada irin Narambaɗa yana ɗauke da taskarsa a ka, shi da 'yan amshinsa, kuma abin da ya iso gare mu da muryarsa shi ne wanda aka yi sa'ar naɗa a faifai. Na makaɗan da suka gabace shi da ƙarni ɗaya ko biyu, sai ɗan abin da baki ya miƙa wa baki. Bach ya mutu shekara 127 kafin a ƙirƙiro na'urar naɗar sauti, babu mai rai da ya san yadda hannunsa yake a kan abin kiɗa, amma kowane sauti da ya nufa yana nan a rubuce.

Rubutun bai tsaya ga adanawa ba, ya canza irin kiɗan da za a iya ƙirƙira. Mai rubutu yana iya jera muryoyi huɗu ko takwas a shafi ɗaya, wata bisa wata, ya zauna yana kallonsu kamar yadda magini ke kallon zanen gida, ya goge nan, ya gyara can, ya tabbatar kowace tana tafiyarta ba ta taka 'yar'uwarta ba. A nan ne Johann Sebastian Bach ya gagara.

An haife shi a Eisenach a 1685, shekara ɗaya da Handel, cikin zuriyar da kiɗa ya zama gadonta. Yana ɗan shekara 20 ya taka da ƙafa wajen kilomita 400 daga Arnstadt zuwa Lübeck don kawai ya saurari wani tsohon gwanin kiɗan ogan, wato babban abin kiɗan coci mai maɓallai da bututun iska, mai suna Dieterich Buxtehude. An ba shi hutun mako huɗu, ya yi wajen wata huɗu. A 1717, da ya matsa wa mai gidansa, basaraken Weimar, a kan a sallame shi ya koma wani aiki, sai aka kulle shi kusan wata guda. A 1723 ya samu aikin shugaban mawaƙan cocin Thomas a Leipzig, shi ma bayan mutum biyun da majalisar gari ta fi so ba su samu zuwa ba. Aikin ba na hutu ba ne. A shekarunsa na farko a can, kusan kowane mako sai ya rubuta sabuwar waƙar ibada ta wajen minti ashirin, iyalinsa da ɗalibansa su kwafe wa kowane makaɗi nasa kason da hannu, a yi gwaji, a rera ranar Lahadi, Litinin a fara wata. Ga koyar da yaran makaranta, ga gida mai 'ya'ya 20, waɗanda rabinsu suka rasu suna ƙanana.

Salon da ya fi shahara da shi ana kiransa fuga. Murya ɗaya ce za ta fara da gajeren kari ita kaɗai. Kafin ta yi nisa, ta biyu ta shigo da wannan karin a wani mataki na sama ko na ƙasa, ta farkon kuma ba ta yi shiru ba, ta ci gaba da nata zancen. Ta uku ta shigo, ta huɗu ta biyo. Wani lokaci ya juya karin ƙasa ta koma sama, wani lokaci ya ja shi ya ninka tsawonsa, duk a tare, kuma kunne ba ya jin rikici. Wanda ya taɓa tsayawa kan masaƙi yana kallon zare yana shiga yana fita har zane ya bayyana zai gane abin da nake nufi. A 1722 Bach ya haɗa littafi guda na irin wannan aiki, ya bi gidajen sauti 24 ɗaya bayan ɗaya, wato matakan sauti 12 da ke jikin fiyano, kowanne da fuskarsa mai haske da mai duhu, don ya nuna babu gidan da ba a iya kiɗa a cikinsa in an daidaita abin kiɗan da kyau. Bayan shekara ashirin ya ƙara wani littafin irinsa.

Da ya rasu a 1750, jama'a sun riga sun juya wa salonsa baya, ana ganin ya tsufa, ya cika nauyi. Aka raba takardunsa tsakanin magada, wasu aka sayar, da yawa suka salwanta. Matarsa Anna Magdalena ta ƙare rayuwarta cikin talauci bayan shekara goma. Abin da ya tsira, ya tsira ne a hannun 'yan tsirarun masana da ke kwafe littafin nan da hannu suna ba ɗalibai. A haka ya kai ga wani yaro a Bonn mai suna Ludwig van Beethoven, wanda malaminsa ya ɗora shi a kansa tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. A haka Mozart ya ci karo da shi a Vienna a 1782, a gidan wani basarake mai tara tsofaffin takardu, kuma an ga alamar hakan a abin da ya rubuta daga baya.

Wanda ya dawo da Bach idon duniya matashi ne ɗan shekara 20. Kakar Felix Mendelssohn ta ba shi kyautar kwafin wani babban aikin Bach, wanda ke ba da labarin ƙarshen rayuwar Annabi Isa kamar yadda Kiristoci suka ruwaito a littafin Matta. Ya shafe shekaru yana nazarinsa, ya tara mawaƙa, ya rage masa tsawo, ranar 11 ga Maris 1829 ya jagoranci rera shi a Berlin. Zauren ya cika har aka mayar da mutane. A 1850 aka kafa ƙungiya don buga duk abin da Bach ya bari, aikin da ya ci shekara hamsin cif.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Pablo Casals. A 1890, yana ɗan shekara 13, yana bincike a wani shagon tsofaffin takardun kiɗa a Barcelona, sai ya ci karo da wasu kaɗe-kaɗe shida da Bach ya rubuta wa babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, wanda ake kira celo. A lokacin ana ɗaukarsu darussan motsa yatsu ne kawai, ba abin da za a tara mutane a kaɗa musu ba. Yaron ya kai su gida. Ya yi sama da shekara goma yana bitarsu kullum kafin ya yarda ya kaɗa ɗaya a bainar jama'a, kuma sai a ƙarshen shekarun 1930 ya naɗe su a faifai. Yau babu mai koyon celo a duniya da zai tsallake su. Shekara ɗari da saba'in suna kwance a takarda, suna jiran yaro ɗaya ya buɗe.

Antonio Vivaldi ma haka. Ya koyar da 'yan mata marayu kiɗa a Venice, ya yi suna, ya mutu a Vienna a 1741 ba shi da ko sisi, aka manta da shi. Sai a 1926 aka gano tarin rubuce-rubucensa a wata makarantar coci a arewacin Italiya. Kiɗansa na yanayi huɗu na shekara, wanda aka buga a 1725, shi ne yau ake sa wa mutum a waya yana jiran a ɗauka.

Sai maganar ciki, wato wa ke ciyar da makaɗi. A nan Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani, don mun san makaɗin fada, mun san kuma wanda ya fita ya nemi jama'a. A 1761 Haydn ya sa hannu a takardar aiki da gidan sarautar Esterházy. Takardar ta ce zai riƙa sa kayan barorin gidan, zai bayyana kullum ya ji ko yarima yana son kiɗa, kuma abin da ya rubuta na yarima ne. Ya yi kusan shekara talatin a haka. A 1772 yarima ya daɗe a gidansa na hutu a ƙasar Hungary, makaɗa sun ƙosa su koma wurin iyalinsu, babu mai iya faɗa masa. Haydn ya rubuta simfoni, wato dogon kiɗan babban ayari mai babi-babi, wanda a ƙarshensa makaɗa ke tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hure kyandir ɗinsa ya fita, har ya rage masu goge biyu. Yarima ya gane saƙon, aka haɗa kaya. Wannan zambo ne cikin ladabi, irin wanda makaɗan fada a ko'ina suka ƙware a kai.

Mozart bai iya wannan haƙurin ba. Shi da aka zaga da shi fadojin Turai tun yana ɗan shekara shida, ya tarar da kansa a 1781 yana cin abinci a teburin barorin babban limamin Salzburg, tsakanin masu hidimar ɗaki da masu dafa abinci, kamar yadda ya rubuta wa mahaifinsa cikin ɓacin rai. Ya nemi sallama, wani bafade ya fitar da shi da shuri. Shekara goman da suka rage masa ya yi su a Vienna yana cin gashin kansa: ya koyar, ya sayar da tikitin wasa, ya sayar wa masu ɗab'i. Wata shekarar ya samu sosai, wata ya ci bashi. Ya rasu a 1791 yana da shekara 35, ya bar ayyuka sama da 600. Matarsa Constanze ce ta tsaya ta shirya wasannin tunawa da shi, ta sayar da takardunsa ga masu bugawa, ta biya basussuka. Ba a cika ambatonta ba, amma da ta watsar da akwatin nan, da labarin ya bambanta.

Kafin Beethoven ya kai ƙarfinsa, ƙasa ta riga ta motsa. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya girgiza sarakuna, 'yan kasuwa da ma'aikata sun yi kuɗi, fiyano ta shiga gidaje, masu ɗab'i suna gasar sayen sabon kiɗa. A 1809 manyan masu sarauta uku a Vienna suka haɗa masa albashin shekara-shekara, sharaɗin kawai kada ya bar garin. Ba ya sa kayan barori, ba ya jiran umarni. Dubi lissafin: Haydn ya bar simfoni 104, Beethoven tara kacal. Na farkon yana rubuta na bikin mako mai zuwa ne, na biyun yana shafe shekaru a kan guda ɗaya, littattafan gwajinsa cike da gogewa da sake rubutu, don ya san za a buga shi, za a ajiye, waɗanda ba a haifa ba za su auna shi. Nauyin da ya bari ya danne na bayansa, har Johannes Brahms ya yi wajen shekara ashirin yana fama kafin ya saki simfoninsa na farko a 1876.

Ga kuma kurumta. Tun Beethoven bai kai talatin ba kunnensa ya fara mutuwa. A 1802 ya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙar da bai taɓa aikawa ba, yana cewa ya kusa kashe kansa, sana'arsa ce ta riƙe shi. A shekarunsa na ƙarshe sai dai a rubuta masa magana a littafi. A wannan hali ya rubuta simfoni na tara, mai tsawon sama da awa guda, ya kuma yi abin da ba a saba ba, ya shigo da mawaƙa a babin ƙarshe suna rera baitocin Friedrich Schiller a kan farin ciki da 'yan'uwantakar 'yan Adam. A tsakiyar babin akwai wurin da babbar ganga da farantan ƙarfe da ake gwarawa ke shigowa da salon kiɗan sojojin Daular Usmaniyya, wanda mutanen Vienna suka sani tun zamanin yaƙe-yaƙensu da Turkawa. Ranar 7 ga Mayu 1824 aka fara kaɗa shi. Beethoven yana tsaye kusa da madugun makaɗa yana juya shafuka, bayansa ga jama'a. An ruwaito cewa da aka ɓarke da tafi bai sani ba, sai da wata matashiyar mawaƙiya, Caroline Unger, ta juyo da shi ya ga hannuwa da hula suna tashi sama. Mutumin da ba ya jin tafin da ke bayansa ya iya tsara sautin makaɗa da mawaƙa sama da ɗari, domin idonsa yana karanta sauti a takarda kamar yadda mai karatu ke jin kalma a zuci ba tare da ya furta ba.

Abin da ya samu wannan simfoni bayan mutuwarsa a 1827 ya isa a tsaya a kansa. A 1918 fursunonin yaƙi Jamusawa suka kaɗa shi a sansanin Bando da ke Japan, yau kuma ya zama al'adar ƙarshen shekara a ƙasar, har a Osaka mutum dubu goma ke haɗuwa su rera shi kowane Disamba. A 1942 an kaɗa shi a Berlin don bikin zagayowar haihuwar Hitler. A 1974 gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rhodesia, wato Zimbabwe ta yau, ta mayar da karinsa taken ƙasa, waƙar da ke cewa duk mutane 'yan'uwa ne ta zama taken masu wariyar launin fata. Majalisar Turai ta ɗauke shi a 1972, a 1985 ya zama taken ƙungiyar da ta koma Tarayyar Turai. A Disambar 1989, bayan faɗuwar katangar Berlin, Leonard Bernstein ya jagorance shi a birnin, ya sauya kalmar farin ciki da 'yanci. Wannan yana damuna duk lokacin da na saurare shi. Takardar da ta tsare kiɗan ba ta da bakin da za ta hana azzalumi ɗauka.

Akwai wata gaskiyar da masoya wannan kiɗa ba su cika son a taɓo ba. Jerin sunayen da ake kira manya, mutane ne suka tsara shi, a ƙarni na 19, galibi a ƙasashen da ke jin Jamusanci. Makarantun kiɗa irin ta Paris da aka kafa a 1795 da ta Leipzig da Mendelssohn ya kafa a 1843 suka mayar da shi manhaja. Zaurukan kiɗa suka koma kaɗa na matattu fiye da na masu rai. Sannan jiragen ruwan 'yan mulkin mallaka da 'yan mishan da bandunan soja suka kai shi kowace nahiya. Da Turai ba ta yi ƙarfin da ta yi ba, da kiɗanta bai kai inda ya kai ba, komai daɗinsa.

Masu tsara jerin sun kuma zubar da mutane a hanya. Joseph Bologne, wanda aka fi sani da Chevalier de Saint-Georges, an haife shi a tsibirin Guadeloupe a 1745, mahaifiyarsa baiwa ce baƙar fata. Ya zama gwanin goge kuma madugun ɗaya daga manyan ayarin makaɗan Paris, ayarinsa ne ma ya fara kaɗa simfoni shida da Haydn ya rubuta wa birnin. Ya rubuta nasa da yawa, aka bar su cikin ƙura kusan ƙarni biyu. George Bridgetower, mai goge wanda mahaifinsa baƙar fata ne, shi ya fara kaɗa wani shahararren kiɗan goge tare da Beethoven a 1803. Suka ɓata, Beethoven ya cire sunansa ya sa na wani Bafaranshe, Rodolphe Kreutzer, wanda bai taɓa kaɗa shi ba, kuma da sunan Kreutzer ake kiransa har gobe. Fanny, yayar Mendelssohn, ta rubuta kiɗa sama da 400, mahaifinta ya ce mata kiɗa a wurinta ado ne kawai, har wasu waƙoƙinta da sunan ƙaninta aka buga su. Sai a 'yan shekarun nan ake tono waɗannan, kuma abin da ya sa tonon ya yiwu shi ne su ma sun rubuta.

To ta ina duk wannan ya shigo kunnen wanda bai taɓa taka zauren kiɗa ba? Babbar ƙofa ita ce fim. Richard Wagner, a wasanninsa na waƙa, ya riƙa ba kowane jarumi, ko takobi, ko la'ana, ɗan karinsa na musamman, da ka ji shi ka san wa ke tafe, kamar yadda take ke sanar da isowar mai shi kafin a gan shi. Makaɗan da suka taso a Vienna irin su Max Steiner da Erich Korngold suka kai wannan dabara Hollywood a shekarun 1930. Shi ya sa har yau kafin mugu ya bayyana a fim, kiɗa ya riga ya gaya maka.

Ƙofar da ta fi kusa da mu kuwa ta Indiya ce. Tarin gogen nan da ke kuka a tsofaffin finafinan Indiya, waɗanda iyayenmu suka kalla a silima a Kano da Kaduna da Jos, da yawa daga masu kaɗa su da masu jera musu muryoyi Kiristocin yankin Goa ne, waɗanda suka koyi karanta rubutun kiɗan Turai a makarantun coci tun zamanin mulkin Fotugal. Mai tsara waƙa ya kawo karin Indiya, su kuma su shimfiɗa masa jituwar sauti irin ta Turai a ƙarƙashi. Salil Chowdhury ma ya ɗauki karin farko na simfonin Mozart mai lamba 40 ya gina waƙar fim a kansa a 1961. Daga can salon ya gangaro zuwa ɗakunan naɗar waƙa na Kano, inda yaro ke zaune gaban fiyano mai aiki da lantarki, hannun dama yana bin kari, na hagu yana danna sautuka uku a tare. Farare da baƙaƙen maɓallan da ke ƙarƙashin yatsunsa, matakai 12 ɗin nan ne da Bach ya bi ɗaya bayan ɗaya a 1722.

Wasu 'yan Afirka kuma ƙofar gaba suka bi suka shiga. Fela Sowande, wanda aka haifa a Abeokuta a 1905, ya zama gwanin ogan a Landan, ya rubuta wa ayarin masu goge kiɗa da karin Afirka ta Yamma a 1944. A Kinshasa kuwa, a 1994, wani matuƙin jirgin sama da aikinsa ya tsaya, Armand Diangienda, ya tara mutane ya kafa ayarin makaɗan simfoni. Yawancinsu ba su taɓa riƙe goge ba. Kayan kiɗan ba su kai yawan masu koyo ba, sai an yi karɓa-karɓa. In tsirkiya ta tsinke, wayar birkin keke ake ɗaurawa, wasu kayan kuma a nan suka sassaƙa su da katakon gida. Masu sayar da abinci ne, da masu gyaran wuta, da masu aski, da teloli, kowa ya tashi daga neman abincinsa ya yi tafiyar awa guda ko biyu zuwa wurin gwaji, in wuta ta ɗauke a tayar da janareto. Mawaƙan suka zauna suna koyon furta Jamusanci gaɓa-gaɓa, kalma bayan kalma. Bayan shekaru suna wannan fama, suka fito fili a tsakiyar birnin, gaban dubban mutane, suka buɗe takardunsu, suka kaɗa simfoni na tara.